Hoton ƙirji ba shi ne ma'aunin sauƙi ba

A Zariya, masu tsohon ciwon huhu da yawa, musamman waɗanda suka gama shan maganin tarin fuka, sun ɗauka in hoton ƙirji bai canza ba, motsa jikin da asibiti ke sa su aikin banza ne. Tabon huhu yakan zauna, amma ƙafafu na ƙara ƙarfi, haki ya ragu. Shi ya sa ake gwajin tafiyar minti 6: majiyyaci ya yi ta kai da komowa a baranda mai tsawon mita 30, na'urar auna iskar jini maƙale a yatsarsa. In ya gaji ya tsaya, agogo dai na tafiya. Bayan makonni a maimaita. Ƙarin kimanin mita 30 ma a kan nisan da ya iya tafiya a gwajin farko, likitoci na ɗaukarsa ci gaba na gaske.