Funfuna a buhun gyaɗa: abin da doka ta ce ga 'yan kasuwarmu na Legas

Duk wanda ya taɓa kwance buhun gyaɗa a kasuwar Mil 12 cikin damina ya san warin nan. Tun kafin ido ya ga kore-koren da ya kama ƙwayar, hanci ya riga ya ji. Kaya sun baro Kano ko Funtua a bushe ƙayau, sun sha kwanaki a tirela ƙarƙashin tamfol, sun sauka a garin da iskarsa ma jiƙaƙƙiya ce, aka jibge su a sito a kan siminti. Mako biyu ko uku, sai funfuna ta kama. Abin da aka saba yi kuwa sananne ne: a tsince masu kyau, a karya farashin sauran ga masu ƙuli-ƙuli ko masu kiwon kaji. Wannan sayar da gyaɗa mai funfuna don a ci shi ne abin da doka ta hana, kuma da yawanmu ba su sani ba.

Dokar Abinci da Magunguna ta tarayya, wadda aka kafa a 1974 kuma take cikin kundin dokokin ƙasa na 2004, tun a sashenta na farko ta haramta sayarwa, shigowa, sarrafawa ko adana abincin da ke ɗauke da guba, ko wanda bai dace mutum ya ci ba, ko wanda wani ɓangarensa ya ruɓe ko ya ƙazantu. A lura da kalmar adanawa. Ba sai an kama ka kana miƙa wa mai saye ba, buhun da ke jingine a sitonka ma yana cikin lissafi. Haka mai sarrafawa, wato matar da ta sayi gyaɗar mai araha ta matse mai ta soya ƙuli. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke sa ido. Jami'anta suna da ikon shiga wurin ajiya, su ɗebi samfur, su kama kayan, kuma babban ɗakin gwajinta yana nan Oshodi. Hukuncin tara ne ko ɗauri ko duka biyun.

Wani zai ce, Alhaji, ai funfuna ba guba ba ce, wankewa ake yi a shanya. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, tana zubar da dafi mai suna aflatoksin, kuma dafin ba ya fita da wanki, ba ya mutuwa da suya ko tafasa. An gano shi ne bayan 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Wanda yake ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuma, hantarsa ce ke biya, har ta kai ga sankara, musamman in yana da ciwon hanta nau'in B. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yajin tsire. Ƙulin nan mai araha shi ake dakawa a barbaɗa wa nama a Agege da Obalende, 'ya'yanmu ma suna ci. Saniyar da aka ba gurɓatacciyar dusa kuma, dafin yana biyo nononta.

Masu fitar da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Apapa sun fi kowa sanin tsananin abin. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci kai-tsaye in dafin ya wuce maikrogiram 4 a kilo ɗaya (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), Amurka kuma 20.

Yanzu mutane da dama sun koma ga buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙira. Buhu ne mai kyau, ina yaba shi, domin ya raba mutane da zuba maganin ƙwari a cikin wake. In aka ɗaure shi tam, ƙwari da hatsin kansu suna shaƙe iskar oksijin da ke ciki har ta yi ƙasa, ƙwarin su mutu, funfuna ta kasa yaɗuwa. Sai dai kasa yaɗuwa daban, mutuwa daban. Halittu irin funfuna suna da dabara: idan iska ta yi ƙaranci, sai su kunna wasu ƙwayoyin gadonsu su kashe wasu, kamar mai shago da ya rage fitilu don man janareta ya kai shi safe. A 'yar'uwar funfunar gyaɗa, wato Aspergillus fumigatus, mai kama huhun marasa ƙarfin garkuwar jiki, masu bincike sun nuna a 2008 cewa wani furotin mai suna SrbA ne ke wannan aiki. Shi ke ƙara ƙaimi wajen haɗa sinadarin da fatar ƙwayar funfunar take buƙata, da shi take iya rayuwa a cikin huhun da ya kumbura inda iska ba ta isa sosai. Da aka cire shi, sai ta kasa girma a ƙarancin iska, ta kuma kasa sa ɓeraye cuta. Irin wannan halitta ba ta miƙa wuya don an ɗaure bakin leda. Ƙwayoyinta suna nan kwance, ranar da ɓera ya huda buhun ko aka bar shi a buɗe, su farfaɗo. Dafin da ya riga ya shiga kafin a ɗaure kuwa yana nan yadda yake, doka kuma ba za ta tambaye ka irin buhun da ka saya ba.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin ɗaurin. Masara ta bushe zuwa danshi kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuma wajen kashi 7. Wanda ba shi da na'urar awo ya zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba mai tsabta ya girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. A ɗora buhuna a kan katako, a nisanta su da bango. Mai saro kaya daga gida ya tambayi manomi ko ya zuba Aflasafe, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don rage dafin tun a gona. Buhun da ya riga ya yi kore kuma a fitar da shi daga sito, kada a ba mutum, kada a ba kaza.