Ma'anar Burnout: Gajiyar Da Barci Ba Ya Warkarwa

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a sashen haihuwa na wani asibitin gwamnati. A da, idan ta dawo daga aikin dare, kafin ta cire takalmi ta fara ba mu labarin jariran da aka haifa a hannunta. Kwanakin baya na leƙa ta da hantsi, na tarar da ita zaune a bakin gado da kayan aiki a jiki, shayin da aka haɗa mata ya huce ko kurɓa ba ta yi ba. Na ce, "Yaya, jikin ne?" Ta ce, "Lafiyata ƙalau, ƙanina. Amma wallahi yanzu in mai naƙuda tana kuka, ji nake kamar ƙarar janareta. Ko a jikina. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Wannan hali shi Turawa ke kira burnout, kalmar da yanzu ta cika bakin matasanmu a Facebook da WhatsApp, har wanda ya yi wankin kwana ɗaya ma sai ya ce ita ta kama shi. Asalinta wuta ce da ta cinye makamashinta har ta mutu. Wanda ya yi zamanin fitilar ƙwai ya san abin: in kananzir ya ƙare ba nan take take mutuwa ba. Sai ta koma cin lagwani, harshenta ya yi ja, ta turnuƙe da hayaƙi, ta baƙanta ƙwan. Daga nesa ka ce tana ci, alhali kanta take ci.

Muna da gajiya, muna da galabaita da jigata, muna da gundura da ƙosawa. Burnout ta ɗebo daga kowacce. Gajiya ta bin jiki ce, in ka yi wanka da ruwan zafi ka kwanta, da safe ta sake ka. Wannan kuwa da ita za ka kwanta, da ita za ka tashi.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin Niyok na Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya shigar da kalmar fagen ilimi a 1974. Yana aikin sa kai ne a wani asibitin kyauta da masu shaye-shaye ke zuwa, sai ya lura cewa waɗanda suka zo da zumuɗi fiye da kowa su ne ke fara sanyi, su zama masu saurin fushi, su daina tausayin marasa lafiya. Shi kansa bai tsira ba. Wannan ya isa amsa ga masu cewa lalaci ne, don malalaci ba shi da abin da zai ƙone. Daga baya Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin gwada ta a 1981.

A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ma'anarta. Ba ta kira ta cuta ba, ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum har ya riƙa kallonsa da ƙyama ko ko-oho, sannan ƙwazonsa ya ragu ya riƙa jin ba ya tsinana komai. Ta biyun ce Yaya ta kwatanta, kuma ita ce ta fi ɓuya, domin mutum na zuwa aiki a kan lokaci, yana gaisawa da kowa.

Inda na ɗan saɓa da hukumar shi ne da ta taƙaita kalmar ga wurin aiki. To uwar 'ya'ya shida da ke tashi tun asuba, ga girki, ga wanki, ga jinyar suruka, ba ta da ranar hutu ko ɗaya a shekara, ita a wane layi za a sa ta? Don dai ba a biyanta albashi ne.

Mu kuma namu cikas ɗin haƙuri ne da aka ajiye ba a muhallinsa ba. Ka ce ka gaji, a ce raki ne. Ka ce zuciyarka ta bushe, a ce ka ƙara istigfari. Istigfari alheri ne, amma addinin da kansa bai yarda mutum ya tatse kansa ba. Da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya riƙa azumi kullum yana raya dare gaba ɗaya, Manzon Allah (SAW) hana shi ya yi, ya shaida masa cewa jikinsa na da haƙƙi a kansa, idonsa ma haka, iyalinsa ma haka. In a ibada aka faɗi wannan, ina ga aikin ofis?

Jikin ma yana karɓar nasa rabon. Wani rahoto da Hukumar Lafiya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da aikin awa 55 ko fiye a mako. A Japan har suna suka raɗa wa mutuwar da aiki ke jawowa: karoshi.

Sai batun kula da kai, wanda ake tallatawa a matsayin magani. Barci isasshe, ƙailula, 'yar tafiya bayan la'asar, salla cikin natsuwa, zama a majalisa a yi dariya, ajiye waya da dare, duk suna taimakawa, jiki da zuciya da ruhi kowa ya sami abincinsa. Amma in mutum ɗaya ke yin aikin mutum huɗu, albashi na makara, ba a jin ta bakinsa, ana fifita wani a kansa, to ba shayin citta zai gyara ba. Maslach ta sha nanata cewa a duba wurin aikin, kada a tsaya kan ma'aikacin kaɗai. Faransa ta kama wannan hanyar tun 2017 da dokar da ta bai wa ma'aikata 'yancin rufe saƙonnin aiki bayan tashi.

A kula kada a haɗa burnout da ciwon damuwa. Mai burnout in ya yi nisa da aikin yakan farfaɗo, ya je suna ya yi raha. Ciwon damuwa kuwa har gidan biki yake bin mutum. In abin ya kai ga rashin cin abinci, ko tunanin gara mutuwa, a ga likita ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba.

Yaya dai ta karɓi hutun shekara da ta daɗe tana ɗagawa, ta kashe sanarwar zauren WhatsApp na wurin aiki, ta tafi ƙauye wajen Inna. Kwana uku na farko barci kawai ta yi. A rana ta tara ta kira ni tana tambaya ko na ji labarin wata mai tagwaye da ta bari a kwance.