Waiwaye: Yadda tankar yaƙi ta shiga kwalin bulon wasan yara

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah na shiga wani kanti a cikin garin Katsina tare da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara takwas. Alkawari zan cika, don ya kai azumi goma. A kan kanta an jera kwalayen bulon roba, irin wanda yara ke harhaɗawa su gina gida ko mota. Mu nan duk Lego muke ce musu, kamar yadda kowane garin sabulu Omo ne, kowane ɗanɗanon miya Maggi. Akwai na asibiti, akwai na motar 'yan kwana-kwana, amma yaron ko kallo ba su ishe shi ba. Hannunsa na kan wani kwali mai hoton tankar yaƙi da sojoji huɗu.

"Kawu, wannan. Irin ta masu korar ɓarayin daji ce."

Mai kanti ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai ita ce ke tafiya yanzu."

Na juya kwalin. Rubutun Sin ne a bayansa, babu sunan LEGO ko'ina. Ba zai yiwu a same shi ba kuwa, domin kamfanin LEGO na asali ba ya ƙera tankar yaƙi ta wannan zamani, kuma an shafe shekaru ana ja-in-ja da shi a kan haka.

Asalin kamfanin wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, a ƙauyen Billund na ƙasar Denmak. A 1932, da aikin gini ya yi ƙaranci, ya koma sassaƙa kayan wasa na katako. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Sojojin Jamus suka mamaye Denmak a watan Afrilun 1940, ba su fita ba sai a watan Mayun 1945. Abin da masu yabon kamfanin ba su cika son a tuna ba shi ne, a shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare kafintan ya fitar da ƙaramar bindigar katako, aka sa mata suna bindigar zaman lafiya, ta kuma yi kasuwa sosai har aka yi ta roba a 1949. Wato gidan da ya yi suna da ƙin kayan yaƙi, da kuɗin bindiga aka ɗora wani sashe na harsashinsa.

Bulon da muka sani yau, mai ƙusoshi a sama da bututu a ƙasa yadda zai kama ɗan'uwansa gam, an yi masa rajista a 1958, a hannun ɗan kafintan, Godtfred. Shi ne ake danganta wa aƙidar cewa bai kamata yaƙi ya zama abin wasan yaro ba. Tsawon shekara ashirin bayan haka kayansu gidaje ne, motoci, jiragen ƙasa, ofishin 'yan sanda.

Sai 1978, shekarar da ƙananan mutanen roba masu rawayar fuska suka fito. A cikinta aka fitar da wata fada mai ganuwa, da mahaya riƙe da takubba da masu da garkuwa. Fadar rawaya ce, abin da ba a saba gani ba a gine-ginen dutse na Turai, kuma masu bin tarihin kamfanin suna yawan cewa an guje wa ruwan toka ne don kada yara su tara bulon su gina tanka. Ko ma mene ne dalili, a 1984 fadar ruwan toka ta fito. A 1989 'yan fashin teku suka zo da igwa da bindigar toka. A 1996 kaboyi da sojan doki na Amurka suka zo da bindigogi gajeru da dogaye. A 1999 aka fitar da kayan fim ɗin Star Wars, wanda kalmar yaƙi tana cikin sunansa ƙiri-ƙiri. A 2001 aka yi Sopwith Camel, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 2002 aka yi na abokin gabarsa Bajamushe. A 2008 kuwa, cikin kayan fim ɗin Indiana Jones, har sojan Jamus da na Rasha aka saka, da kakinsu da motocinsu.

Kamar mai azumin da ke ɗanɗana miya yana cewa gishiri yake dubawa. Wasu masu bincike a Jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan sun ƙidaya abin a 2016, suka tarar kusan kashi 30 cikin 100 na kwalayen LEGO akwai makami aƙalla ɗaya a ciki.

To ina aƙidar take? Kamfanin ya rubuta ta a rahotonsa na 2010. Abin da ya ce a taƙaice: zai guji makamai da kayan soja na zahiri waɗanda yara za su iya ganewa daga wuraren da ake rikici a duniya, amma ya yarda cewa faɗa tsakanin nagari da mugu wani ɓangare ne na wasan yara. Ashe iyakar ba a kan makami aka shata ta ba. An shata ta a kan kusanci. Yaƙin da ya yi nisa har ya zama tatsuniya an yarda da shi, haka wanda tun asali tatsuniya ne. Wanda ake nunawa a labaran dare, wanda wani yaro a wani wuri yake jin ƙararsa da kunnensa, shi aka hana.

Ba LEGO kaɗai ta yi wannan lissafi ba. A Suwidin, a 1979, masu sana'ar kayan wasa suka yi yarjejeniya da hukuma a kan daina sayar da kayan wasan yaƙi, sai dai yaƙin da ake nufi shi ne na daga 1914 zuwa yau. Takobi da sulke ba su shiga ciki ba.

An gwada ƙarfin wannan iyaka a 2020. LEGO ta shirya fitar da V-22 Osprey, jirgin nan mai tashi kamar mai saukar ungulu ya kuma miƙe kamar jirgin sama sosai, wanda kamfanonin Bell da Boeing ke ƙerawa. An yi masa fenti irin na masu ceto, babu bindiga a jikinsa. Ranar 1 ga Agusta aka sa. Wata tsohuwar ƙungiyar masu adawa da yaƙi a Jamus, DFG-VK, ta tashi tsaye, ta ce soja ne kawai ke amfani da jirgin, kuma kuɗin lasisi zai shiga aljihun masu ƙera makamai. Ana saura kwanaki kaɗan kamfanin ya janye shi. 'Yan kwalayen da suka riga suka isa kantuna suka zama abin nema, ana sayensu da ninkin-ba-ninkin kuɗinsu.

Masu neman a yi kayan soja, galibinsu manya ne masu tara irin waɗannan kaya, suna da hujjar da ba a ture ta da sauƙi. Suna cewa munafunci ne ka sayar da jirgin da ya kashe mutane a 1917 ka ƙi na yau. Suna cewa gina tanka darasi ne na tarihi da na kanikanci, kuma soja ma'aikaci ne kamar likita da ɗan sanda, me zai sa a ɓoye shi? Kasuwa ma ta ba su amsa tun tuni. Haƙƙin mallakar ƙirar bulon ya ƙare a 1978. Kotun Ƙolin Kanada a 2005, da kotun Tarayyar Turai a 2010, sun ƙi yarda LEGO ta riƙe siffar bulon a matsayin tambarinta ita kaɗai. Ƙofa ta buɗe. COBI ta Polan ta yi suna da tankokin Yaƙin Duniya na Biyu. Mega ta Kanada ta yi kayan wasannin bidiyo na yaƙi, Halo da Call of Duty. Sluban da wasu kamfanonin Sin suka cika duniya da masu araha. A Amurka, Brickmania na sayen bulon LEGO na gaske ta harhaɗa tankoki ta sayar, BrickArms kuma na ƙera ƙananan bindigogi daidai hannun mutanen robar. Abin da aka hana ta ƙofar gida ya shigo ta katanga.

Wannan ne ya kawo tanka kantin Katsina. LEGO ta asali da wuya ka gan ta a nan sai a tsarabar wanda ya dawo daga waje, ko a buhun kayan wasa na gwanjo, a warwatse, rabi ya ɓace. Duk shawarar da za a yanke a Billund, abin da zai iso mana wanda ɗan kasuwa ya ciko kwantena da shi ne.

Amma ni abin da ya riƙe ni a tarihin nan shi ne yadda iyakar tasu, duk da karkacewarta, ta yi daidai da wadda mu ma muka shata ba tare da mun rubuta ba. Je ka Ƙofar Soro ranar hawan Sallah, ko Daura ranar hawan Gani. Ga 'yan lifidi, ga 'yan sulke da kwalkwali, ga 'yan baka, ga masu da takubba a zare. Waɗannan fa ba kayan ado aka ƙirƙire su ba. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a farkon ƙarni na 19, tsohuwar sarautar ta koma Maraɗi, aka yi shekaru da dama ana kai wa juna hari. Sunan Ɗanbaskore, sarkin Maraɗi, a wancan lokaci ba abin tafi ba ne a ƙauyukan da ke kan hanyarsa. Da irin wannan mashi aka mayar da mata zawarawa. Yau uba ne ke ɗora ɗansa a wuya don ya hango shi da kyau. A Daura kuma har gobe ana nuna takobin da ake danganta wa Bayajida, ana kai 'yan makaranta rijiyar Kusugu. Babu wanda ya ce ana koya musu kisa.

Kalma ɗaya ma ta isa misali. 'Yan bindiga. Waɗanda ke gaban Sarki suna ɗura albarushi suna sakin hayaƙi, yara na toshe kunne suna dariya, 'yan bindiga ne. Waɗanda suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disambar 2020 suka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji, su ma abin da rediyo ke kiransu ke nan. Babu mahaifiyar da za ta rikita su. Na farko sun zama tarihi, na biyu kuwa mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Faskari suna kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda su. Wata huɗu da doriya ne tsakanin janye jirgin Osprey da daren Ƙanƙara. A can ana muhawara kan abin da yaro zai iya ganewa daga wurin rikici, mu kuwa wurin rikicin a kanmu yake.

Shi ya sa batun bai zo mana da sauƙin da ya zo wa Bajamushe mai zanga-zanga ba. Ga yaron da ya taso a gefen dajin Rugu, motar soja alamar ceto ce, ranar da ta iso da wuri. Jihar nan kuma ta soja ce: Hassan Usman Katsina, Shehu Musa 'Yar'aduwa, Muhammadu Buhari, kafin su kuma kakanninmu da aka kwasa zuwa Boma. Yaron da ya ce tanka yake so don ta kori ɓarayi, da wane baki zan ce masa ya yi laifi? Tankar ma ba ita ce za ta tayar wa kowa da hankali a nan ba. Kwalin da zai sa uwa ta yi salati shi ne mai babur ɗauke da mutum uku, kowa da AK-47 a kafaɗa, fuska a naɗe. Da wani kamfani zai yi wannan, har masu cewa ai wasa ne kawai za su nemi a kwashe shi daga kasuwa.

Ban kuma manta ba cewa mu ma ba kwali muka jira ba. Da kara muka yi bindiga, da laka muka yi doki, da langa-langa muka yi mota, wasu har da ƙarfen keke da kan ashana suke haɗa mai ƙara. Bindigar roba mai ƙananan harsasai da ke cika gari duk Sallah ta fi bulo haɗari nesa ba kusa ba. A Afganistan, a 2015, sai da gwamnati ta hana sayar da ita bayan yara da yawa sun ji rauni a ido a bikin Sallah. Bulo dai ba ya tsone ido, iyakarsa ka taka shi da dare ka yi ƙara.

Duk da haka ina tare da LEGO a nan, ko da hujjarta na ɗingishi. Akwai bambanci tsakanin abin da yaro ya ƙago da hannunsa daga abin da ya gani, da abin da babba ya zauna ya zana, ya buga masa takardar umarni mataki-mataki, ya sa masa farashi. Na farko yaro ne ke neman yadda zai yi da tsoronsa. Na biyu ciniki ne da tsoron. Kamfanin da ya ga kuɗi a fili, ya ga abokan hamayya na kwasa, ya ce ban da shi, ko da rabin zuciya ya faɗa, na ba shi wannan.

A kantin dai motar 'yan kwana-kwana na saya. Yaron ya kumbura, muka dawo gida bai ce mini uffan ba.

Kashegarin Sallah na je gaishe da ƙanwata a Ƙofar Marusa. Tun daga zaure na ga an jera jajayen bulo an tare hanya. An wargaza motar an sake gina ta, ta koma buɗaɗɗiya, tsanin nan na kashe gobara an kwantar da shi a bayanta yana kallon ƙofa, ɗan kwana-kwana ɗaya na tsaye a bayansa. Yaron na tsugune a gefe da hular Sallarsa. Ya ɗaga mini hannu, fuska a murtuke.

"Kawu, tsaya. Daga ina, zuwa ina?"