Janareta mara mai: inji ba ya ciyar da kansa

Ba a daɗewa sai an sake yaɗa bidiyon wani da ya ƙera "janareta mara mai". Batir na juya injin lantarki, injin na juya altaneta (na'urar da ke samar da wuta) da bel, altaneta kuma na mayar wa batir caji, wai haka za a yi ta tafiya har abada. Wannan buri ya tsufa ƙwarai. Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Paris ta daina duba irin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire, don ta gaji da su.

Matsalar ba ta rashin gwaninta ba ce. Ka kunna janareta na ɗan lokaci, ka kai hannu kusa da salansa. Zafin nan da ya kore ka, fetur ɗinka ne ke tafiya a iska. A injin mota, abin da ke zama aiki bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man ba. Saura lagireto da salansa ke zubarwa.

To a tara zafin a mayar mana? Nan gizo ke saƙar. A 1824 Sadi Carnot, wani injiniyan Faransa, ya nuna cewa inji na samun aiki ne idan zafi na gangarawa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kuma dole a zubar da wani kaso ko da injin ba shi da aibi. Ana iya tatsar hayaƙin, kamar yadda manyan tashoshin gas ke dafa ruwa da shi, amma abin da ake samu raguwa yake yi.

Shi kuwa janaretan bidiyon, shi ma a kowane zagaye wani kaso na tafiya a zafi, don haka cajin batir yake ci. Shi ya sa ba a nuna shi yana jan firij kwana da kwanaki.