Yadda ake tantance ruwan sinadari mai saurin kama wuta a ƙarƙashin tsarin GHS

Duk durom ɗin sinadarin da ke ɗauke da hoton harshen wuta cikin jan firam mai kusurwa huɗu, wata lamba ce da aka auna a ɗakin gwaji ta jawo masa wannan alamar. Tsarin da ya tsara hakan shi ne GHS, wato tsarin bai ɗaya na Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba sinadarai bisa haɗarinsu da yi musu alama, wanda aka fara wallafawa a 2003, ana kuma sabunta shi duk bayan shekara biyu. Shi kansa ba doka ba ne, kowace ƙasa ce ke ɗauka ta shigar da shi cikin dokokinta. Tarayyar Turai ta yi hakan a dokarta mai lamba 1272/2008, hukumar OSHA mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata a Amurka kuma ta bi sahu a 2012.

Ruwan ba shi ne ke ci da wuta ba. Tururin da yake fitarwa ne ke gauraya da iska ya kama. Saboda haka abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin zafin da ruwan zai kai har tururinsa ya isa ya yi walƙiya idan aka kusanto masa da wuta. Wannan shi ne zafin kama wuta, kuma duk ruwan da nasa bai wuce digiri 93 a ma'aunin Salsiyos ba, ya shiga lissafi.

Rukuni huɗu ne. Idan zafin kama wutar ya gaza digiri 23, sai a duba inda ruwan ke fara tafasa: in a digiri 35 ne ko ƙasa da haka, rukuni na ɗaya ke nan, in ya haura, na biyu. Daga 23 zuwa 60 rukuni na uku, sama da 60 zuwa 93 na huɗu. Asiton, sinadarin da ake goge fentin farce da shi, yana kamawa a wajen digiri 20 ƙasa da sifiri, amma sai ya kai 56 yake tafasa, don haka yana na biyu, tare da itanol mai kamawa a digiri 13. Kananzir mai kyau yana farawa daga wajen 38, wato na uku. Na ɗaya da na biyu kalmar haɗari ake rubuta musu, na uku da na huɗu kalmar gargaɗi, kuma na huɗu ba ya ɗaukar hoton wuta. Turai ma ba ta karɓi rukuni na huɗu ba, shi ya sa kaya ɗaya zai zo daga Amurka da gargaɗi, ya zo daga Jamus babu.

Inda aikin yake shi ne wajen awon. Ƙa'ida ita ce a yi amfani da rufaffen kofi, domin buɗaɗɗe yana barin tururi ya tsere, sai lambar ta fito sama da gaskiyarta. A na'urar Pensky-Martens, wadda ƙa'idojin ISO 2719 da ASTM D93 suka fayyace, ana zuba kimanin mililita 75 cikin kofin tagulla har zuwa layin da aka zana, a rufe, a riƙa ƙara zafi da digiri 5 zuwa 6 a minti, abin motsawa yana juyi 90 zuwa 120 a minti. Idan saura kimanin digiri 23 a kai zafin da ake tsammani, sai a fara gwaji. A kowane digiri ɗaya a tsayar da motsawa, a buɗe ƙaramar kafa, a tsoma ɗan harshen wuta mai faɗin kusan milimita 4 na daƙiƙa ɗaya, a janye. Lokacin da wuta ta bazu a saman ruwan gaba ɗaya ta mutu nan take, zafin da ma'auni ya nuna shi ne sakamako. Wani shuɗin zobe yakan bayyana kewaye da harshen wutar kafin nan, kuma sabon ma'aikaci yakan ɗauka shi ne. Ba shi ba ne. Wannan na'urar ta ruwan da ke kamawa sama da digiri 40 ce. Na ƙasa da haka sai na'urar Abel ko Tag, a kuma sanyaya samfurin tukuna.

Bayan haka akwai gyaran matsin iska. Ana cire matsin iskar wurin daga kilofaskal 101.3, wato matsin iska na ƙa'ida a daidai matakin teku, a ninka da 0.25, a ƙara a kan abin da aka karanta. A gari mai tudu kamar Jos gyaran ya haura digiri uku, wanda ya isa ya sauya rukunin ruwan da ke bakin iyakar 23 ko 60.

Kuskuren da ya fi muni shi ne wanda ke ɗaga lambar, domin yana sa abu mai haɗari ya samu takardar mai sauƙi. Kwalbar samfur da aka bari a buɗe, ko aka cika ta rabi, ko aka ajiye ta a rana, ta riga ta rasa sassanta masu saurin tashi. Haka samfurin da aka ajiye cikin robar da tururi ke ratsawa. Maimaita gwaji a kan ruwan da aka riga aka ɗumama shi ma yana ba da lambar ƙarya, dole kowane zagaye a zuba sabo. Kofin da aka wanke da asiton bai bushe ba kuwa saukar da lambar yake yi.

Gauraye ba a yi masa hasashe da ido. Fetur yana kamawa a wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa a kananzir ya isa ya sauko da shi ƙasa da zafin ɗaki. Wannan ne dalilin da gurɓataccen kananzir ke fashewa a fitila da risho: sararin da ke cikin tankin ya cika da tururin da ke jiran ashana. Tankar da ta ɗauko fetur jiya aka loda mata kananzir yau ba tare da wanki ba tana iya haifar da haka.

Mai ajiya a Sakkwato ko Maiduguri ya lura cewa rukuni na uku ba ya nufin kwanciyar hankali. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a shagon kwano, kananzir kuma ya riga ya haye zafin kama wutarsa. Kafin a sauke kaya, a nemi takardar bayanan kariya daga mai sayarwa, a duba rukunin a sashe na 2, a duba zafin kama wutar a sashe na 9, a tabbatar an rubuta cewa da rufaffen kofi aka auna.