Ma'anar "naitiraidin" a aikin karanshaf na motar tsere

Idan masu haɗa injin tsere suka ce an yi wa karanshaf (sandar ƙarfen da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi a cikin inji) naitiraidin, da yawa kan ɗauka wani shafe ne aka yi masa kamar fenti. Ba shafe ba ne. Sinadarin naitirojin ake cusawa cikin fatar ƙarfen da zafi, sai bayansa ya taurare, cikinsa kuma ya ci gaba da jure murɗa ba tare da ya karye ba. Adolf Fry na kamfanin Krupp a Jamus na cikin waɗanda suka kafa wannan dabara a farkon shekarun 1920.

Ana saka karanshaf a rufaffen tanderu, a kore iskar da ke ciki, a sako iskar amoniya, a riƙe zafin tsakanin digiri 500 da 550 na Salshiyas har awa 20 zuwa 60. Naitirojin ɗin yakan ratsa kimanin milimita 0.2 zuwa 0.5, ya haɗu da kuromiyam da molibdenam da ke cikin ƙarfen. Shi ya sa ake zaɓar ƙarfe irin 4340 ko EN40B. Ƙarfen da ba shi da irin waɗannan sinadarai ba ya yin taurin kirki. Da yake ba a tsoma shi cikin mai ko ruwa yana da zafi, ba kasafai yake karkacewa ba.

Bayan naitiraidin, wuyan karanshaf, inda metal (boris ɗin da wuyan ke juyawa a cikinsa) ke zama, yakan daɗe bai cinye ba. Amma babban amfanin yana kwanar da wuyan ya haɗu da kumatun karanshaf, wato faffaɗan ƙarfen da ke gefensa biyu. A nan tsagewa ke somawa idan inji na juyi da ƙarfi, kuma fatar da ta sha naitirojin a matse take, ba ta barin tsagewar ta buɗe baki.

Jerin aikin ne ake yawan ɓatawa. Sai an gama gasa ƙarfen da daidaita taurinsa a zafin da ya ɗara na naitiraidin da akalla digiri 30, an duba tsagewa da maganaɗisu, an yanka wuya, an cire toshiyar hanyoyin mai an wanke tas, kafin a kai tanderu. Idan ya fito, akwai wani ɓawo siriri a samansa, bai cika wuce milimita 0.02 ba, mai tauri amma mai saurin ɓarewa. Dole a goge shi, in ba haka ba ɓarɓashinsa zai karce metal. Wuyan yakan ɗan kumbura, don haka a sake awo. Ratar mai da aka saba bari tsakanin wuya da metal ita ce kusan milimita 0.025 ga kowane milimita 25 na kaurin wuya.

Kada a miƙe karanshaf da matsi bayan naitiraidin, fatar za ta tsage a kwanar wuyan. Haka kuma yanka wuya idan ya cinye: yankan farko na milimita 0.25 yana ɗauke 0.125 a kowane gefe, wato sashen da ya fi tauri. Karanshaf ɗin da aka yi wa naitiraidin na tsomawa cikin narkakken gishiri, mai suna Tufftride, da ake gamawa cikin kimanin awa 2, fatarsa mai tauri ba ta tsira daga yanka ɗaya. Irin wannan sai an sake yi masa naitiraidin kafin a ɗaura.