Yawan Wat Ba Shi Ne Ƙarfin Sauti Ba

A kasuwannin Gusau da Birnin Kebbi, mai neman amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta jitar bes yakan fara tambayar wat nawa ce, wato yawan ƙarfin lantarkin da take fitarwa, kuma idan ya ga 2000 a jikin kwali sai ya ɗauka cewa ƙararta za ta ninka ta mai 1000. Wannan fahimta ta daɗe a tsakanin makaɗa da masu ba da hayar kayan sauti, amma kuskure ce.

Ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 kawai yake kawowa a ma'aunin ƙarar sauti, sai an ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninka. Babbar lambar wat da ake rubutawa da alamar PMPO kuwa ta talla ce. Lambar wat mai alamar RMS ce ke nuna abin da na'urar za ta iya bayarwa ba tare da yankewa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raina akwatin sifika. Tsirkiya mafi kaurin murya a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, kuma wannan amo yana buƙatar akwati mai wadataccen ciki da katako mai kauri. Idan kafinta ya haɗa shi da siririn katako, ka ɗora tafin hannunka a gefensa za ka ji yana rawa, kuma a nan ƙarfin yake salwanta.

Kafin a biya kuɗi, a duba cewa ohm ɗin akwatin, wato ma'aunin yadda sifikar ke tare wutar lantarki, bai gaza abin da amfilifayar ke ɗauka ba, domin idan ya gaza, amfilifayar na iya ƙonewa.